Kuɗin Rumawa a Zamanin Jamhuriya: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekarar da aka rubuta KM a bayanta, ana nufin kafin Miladiyya ne. Ƙirgar waɗannan shekaru raguwa take yi, wato 211 KM ta riga 44 KM da nisa.

Wane zamani ake kira Jamhuriyar Rum?

Tun daga 509 KM, shekarar da Rumawa suka ce sun kori sarkinsu na ƙarshe, Tarquinius Superbus, har zuwa 27 KM lokacin da Oktabiyan ya karɓi laƙabin Agustus, mulki ya koma hannun mutum ɗaya. A tsakanin nan, shugabanni biyu ake zaɓa duk shekara, ana ce musu konsul, baitulmali kuma yana ƙarƙashin Majalisar Dattawa. Shekaru ɗari biyu na farko dai Rum ba ta buga tsabar kuɗi ba ko ɗaya, alhali biranen Girkawa da ke kudancin Italiya sun daɗe suna buga ta azurfa. Tarihin tsabar Rum ya fara ne daga wajajen 300 KM.

To kafin nan da me suke ciniki?

Da dabbobi, da kuma guntayen tagulla marasa siffa da ake kira aes rude. Ba ƙirga su ake yi ba, auna su ake yi a sikeli. Dokokin Rum na farko da aka rubuta wajen 450 KM sun yanke tara da nauyin tagulla: wanda ya karya ƙashin ɗa zai biya 300, na bawa kuwa 150. Al'adar awon ta kafu ƙwarai, har bayan tsaba ta wadata, cinikin gona ko bawa ta hanyar gargajiya ba ya cika sai an kawo mai riƙe da sikeli da shaidu biyar, mai saye ya ƙwanƙwasa sikelin da guntun tagulla.

A farkon ƙarni na 3 KM aka shiga zuba sandunan tagulla masu faɗi, kowane kusan kilo ɗaya da rabi, da zane a fuska biyu. Su ne aes signatum. Akwai mai hoton sa, akwai mai giwa a fuska ɗaya da alade a ɗayar, wanda ake dangantawa da yaƙin sarki Pyrrhus na 280 zuwa 275 KM, domin shi ya fara shigo da giwayen yaƙi Italiya. A daidai wannan lokaci ne kuma aka fara zuba manyan tsabobi masu da'ira, aes grave.

Yaya ake gane darajar tsabar tagulla?

Tushen lissafin shi ne as. Asalinsa nauyin laba ɗaya ta Rum ne, kimanin giram 325, ana kasa shi kashi 12, kowane kashi sunansa uncia. Darajar tana jikin tsabar: as yana da alamar I, rabinsa semis yana da harafin S, triens ɗigo huɗu, quadrans ɗigo uku, sextans ɗigo biyu, uncia ɗigo ɗaya. Daga wajen 225 KM kowane ya samu fuskar da aka san shi da ita, galibi ta gumakan Rumawa: Janus mai fuska biyu a kan as, Saturn a semis, Minerva a triens, Hercules a quadrans, Mercury a sextans, sai matar da ke wakiltar birnin Rum a uncia. Bayansu duka goshin jirgin ruwa ne. Ko tsaba ta cinye har hoton ya dushe, in dai ana iya ƙirga ɗigon, an san ko wace ce.

Me ya sa as ɗaya yake cika tafin hannu, wani kuma bai fi murfin kwalba ba?

Yaƙin Hanibal ne ya jawo haka, kuma a nan ne tarihin kuɗin Rum ya juya gaba ɗaya. Hanibal na Kartaj, birnin da kufansa ke kusa da Tunis ta yau, ya tsallako duwatsun Alps a 218 KM, ya ragargaza rundunonin Rum a Trebia, ya sake a tafkin Trasimene a 217, sannan ya yi musu mafi munin kaye a Cannae a 216. Ga sababbin sojoji da za a biya, ga jiragen ruwa da za a ƙera, ga manyan birane irin su Capua sun koma ɓangaren maƙiyi. Tagulla ba ta isa ba, sai hukuma ta riƙa fitar da tsaba da yawa daga laba ɗaya.

Gab da yaƙin, as yana wajen giram 270. A 217 aka rage shi zuwa kusan rabi. Ragin ya ci gaba, kafin 211 ya sauko uncia biyu, wato wajen giram 54. A ƙarni na 2 KM ya koma uncia ɗaya, giram 27, dokar Papiria ta wajen 91 KM kuma ta mayar da shi rabin uncia.

Amfanin sanin wannan ga mai riƙe da tsaba shi ne sikeli yana faɗin zamani. Triens mai giram 90 ya riga Hanibal, mai giram 15 kuwa bayan 211 ne. Manyan duk zubi ne, don ba hatimin da zai iya buga dunƙule mai wannan girma, ƙananan kuma bugu ne. Sai dai a yi hattara: masu aikin ba su damu da daidaita nauyin kowace tagulla ba, tsaba biyu na shekara ɗaya sukan bambanta da giram da yawa. Nauyi zango yake nunawa, ba shekara ba. Bayan wajen 82 KM Rum ta kusan daina buga tagulla har shekaru masu yawa, canji ya yi wuya, mutane suka riƙa tsaga tsohon as gida biyu suna kashewa.

Yaushe aka fara buga denarius, babbar tsabar azurfar Rum?

Wajen 211 KM. An daɗe ana cewa 269, saboda abin da marubucin Rum Pliny ya faɗa. Tonon da aka yi a kufan Morgantina a tsibirin Sisili ne ya warware gardamar. Garin ya bijire wa Rum a 214, Rumawa suka ci shi a 211, kuma a ƙarƙashin tokar gine-ginen da suka ƙone a lokacin an samu tsabobin wannan sabon tsari waɗanda hannu bai taɓa cinye su ba. Azurfar da ta riga denarius ita ce ta salon Girkawa, mai nauyin giram bakwai ko ƙasa kaɗan, ta ƙarshenta ana kiranta quadrigatus saboda keken dawaki huɗu da ke bayanta. Yaƙin Hanibal ya sa an yi ta gauraya ta da jan ƙarfe har mutane suka daina yarda da ita, dole aka soke ta aka fito da sabon tsari.

Denarius na farko yana da kan Roma, matar nan da ke wakiltar birnin, sanye da kwalkwali, bayansa tagwayen mahaya Castor da Pollux riƙe da masu, a ƙasa an rubuta ROMA. Guda 72 ake fitarwa daga labar azurfa, kowane giram 4.5. Ba a jima ba aka koma 84, wato giram 3.9, a nan ya tsaya har ƙarshen Jamhuriya, azurfarsa kuma galibi ta haura kashi 95 cikin ɗari.

Mene ne X, V, IIS da XVI da ake gani kusa da kai?

Daraja ce da lissafin as. X goma, shi ne denarius. V biyar, quinarius. IIS biyu da rabi, sestertius, 'yar mitsitsiyar azurfa mai kusan giram ɗaya. Wajen 141 KM aka mayar da denarius as 16, sai XVI ya bayyana na ɗan lokaci, daga baya aka koma X mai layi a tsakiya kamar tauraro. Sestertius ya zama as huɗu, amma har kullum rubu'in denarius ne. Ba kasafai ake buga shi ba, duk da haka da shi ake lissafin dukiya da bashi: sai mai dukiyar sestertius 400,000 yake shiga ajin barade. In ka ga adadi da sestertius, raba shi huɗu ka samu denarius.

Akwai kuma victoriatus, mai kan Jupiter da hoton Nasara tana ɗora kambi a kan ganimar makamai. Giram 3.4 ne, azurfarsa ba ta kai ta denarius kyau ba, kuma ba shi da alamar daraja.

Ina suka samu azurfa mai yawa haka?

Ganima, diyyar yaƙi, da ma'adinai. An wawushe Siracusa da Capua da Tarentum tsakanin 212 da 209 KM. Bayan yaƙin Zama na 202, an ɗora wa Kartaj talanti 10,000 cikin shekara 50, talanti ɗaya kuwa kusan kilo 26 ne. Sarki Antiochus na uku na Sham an yanka masa 15,000. Dukiyar Makidoniya da aka kwaso bayan yaƙin Pydna na 168 ta sa daga 167 aka daina karɓar harajin yaƙi daga 'yan ƙasar Rum. Ma'adinan kusa da Cartagena a Sifen kuma, a faɗar masanin tarihi Polybius, mutum 40,000 ne ke aiki a cikinsu. Galibinsu bayi ne, kuma ramukan nan sun ci rayuka ba adadi. Kyan denarius bai kamata ya mantar da mu wannan ba.

Wa ke da ikon buga kuɗi?

Majalisar Dattawa ke yanke yawan da za a buga. Azurfar tana ajiye a baitulmali da ke haikalin Saturn, ƙarƙashin jami'an da ake kira quaestor. Gidan bugun yana kan tudun Capitol, kusa da haikalin Juno Moneta. Masu kula da shi jami'ai uku ne na shekara ɗaya, matasan manyan gidaje da ke fara hawa tsanin siyasa. Taƙaicen muƙaminsu shi ne IIIVIR AAAFF, wato mutum uku masu zuba da buga tagulla da azurfa da zinariya. In aka ga SC ko EX SC a kan denarius, bugu ne na musamman da majalisa ta yi umarni da shi. Janar da ke fagen fama ma yakan buga a sansaninsa don biyan sojoji, kuma ta wannan ƙofa ce ikon kuɗi ya sulale daga hannun majalisa.

Yaya ake yin bugun, kuma waɗanne kurakurai ake samu?

A narka azurfa, a zuba ta ƙananan dunƙulaye. Ba kowane ake aunawa ba, abin da ake bi shi ne laba ɗaya ta ba da 84, shi ya sa denarius na gaskiya kan faɗo tsakanin giram 3.6 da 4.1. Wani lokaci akan ga an kwarzane ɗan tsagi a fuskar tsaba kafin bugu don rage nauyi. Hatimi biyu ne, an sassaƙa su da hannu a juye. Na fuska an dasa shi a uwar maƙera, na baya yana kan wani gajeren turmin ƙarfe da ake riƙewa. A ɗora dunƙule, a aza na sama, a sauke guduma.

Na sama ne ke shan duka kai tsaye, don haka ya fi saurin fashewa. In dunƙule ya goce, rabin rubutu ya fita waje. In ya motsa tsakanin duka biyu, hoto ya fito biyu-biyu. In tsabar da aka buga ta maƙale a hatimin sama ba a lura ba, ta gaba sai ta fito da kai a fuska ɗaya, da kan nan dai a lotse a ɗaya fuskar. Hatimin da ya tsage kuwa yana barin siririn layi a tashe. Duk waɗannan ba aibi ba ne wajen masu nazari, shaidar aikin hannu ce. Wasu jami'an ma sukan sa wa kowane hatimi lamba ko alama. P. Crepusius na 82 KM lambobinsa sun haura 500, abin da ke nuna miliyoyin tsaba a shekara guda.

Me ya sa hotunan denarius suka yi yawa haka?

Kusan shekara 70 hoton bai canja sosai ba: Roma a gaba, mahaya ko keken dawaki a baya, sunan jami'i a taƙaice. Daga wajen 137 KM sai kowane jami'i ya fara sa abin da yake so. Masana da yawa suna danganta wannan da dokar Gabinia ta 139, wadda ta kawo ƙuri'ar sirri. Da can babba yana tsaye yana jin wanda talakansa ya zaɓa, yanzu sai ya nemi ƙuri'a da suna da tarihin gida. Tsaba ta koma kamar fastar ɗan takara, sai dai ita tana yawo daga hannu zuwa hannu shekara da shekaru.

Sex. Pompeius ya sa kyarkeci tana shayar da tagwaye Romulus da Remus na tatsuniyar kafa Rum a gindin ɓaure, makiyayin da ya tsince su yana gefe. L. Titurius Sabinus na 89 KM ya sa hoton sace matan ƙabilar Sabine, don ya nuna asalinsa. C. Mamilius Limetanus na 82 ya sa Ulysses, jarumin tatsuniyar Girkawa, da karensa, domin gidansu na da'awar sun fito daga tsatsonsa. P. Licinius Nerva, wajen 113, ya zana zaɓen kansa: mutum yana karɓar allon ƙuri'a a kan 'yar gada, wani yana jefa nasa a kwando. A 58 KM M. Aemilius Scaurus ya ƙara taki ɗaya. Ya sa Aretas, sarkin Nabatawa na Petra, durƙushe kusa da raƙumi, kuma wannan ba aikin kakansa ba ne, nasa ne shi da kansa. Daga yabon birni aka koma yabon kakanni, daga nan aka koma yabon kai. Wanda ya jera tsabobin nan bi da bi zai ga yadda Jamhuriya ta riƙa sassautowa tun kafin ta faɗi.

Akwai waɗanda suka shafi Afirka?

Akwai. Mafi shahara shi ne na Faustus, ɗan janar Sulla, na 56 KM: Sulla a zaune, Bocchus sarkin Mauretaniya ta dā durƙushe yana miƙa reshen zaitun, Jugurtha sarkin Numidiya, a Aljeriya ta yau, ɗaure da hannu a baya. Abin ya faru a 105 KM, Bocchus ya yi wa surukinsa Jugurtha tarko ya miƙa shi. Marius ne babban kwamanda, Sulla ƙaramin jami'insa ne, kuma gardamar wanda ya cancanci yabon tana cikin abin da ya hura gabar da ta kai su ga yaƙin basasa. Haka kuma Metellus Scipio, kafin Juliyas Kaisar ya ci shi a Thapsus a 46 KM, ya buga denarius mai kan mace sanye da fatar kan giwa, alamar lardin Afirka.

Na ga tsaba mai kama da denarius amma an rubuta ITALIA. Ta Rum ce?

A'a, ta abokan gabarta ce. A 91 KM ƙabilun Italiya da suka daɗe suna ba Rum sojoji ba tare da 'yancin zama 'yan ƙasa ba suka yi tawaye. Suka mai da Corfinium hedikwatarsu suka sa mata suna Italia, suka buga kuɗinsu da nauyin denarius, wasu da Latin, wasu da harshen Oscan. A kan ɗaya, bijimin Italiya yana tunkuyin kyarkecin Rum. An ci su a fage, amma sun samu 'yancin da suka nema. Yawan denarius ɗin L. Piso Frugi na 90 KM, mai Apollo da mahayi a guje, kuɗin biyan sojojin wannan yaƙi ne.

Gaskiya ne sa hotonsa a kuɗi ne ya jawo kisan Juliyas Kaisar?

Ba shi kaɗai ba, amma yana ciki. Kaisar ya tsallaka kogin Rubicon a watan Janairun 49 KM, ya fasa baitulmali, ya buga denarius mai giwa tana taka maciji da sunan CAESAR a ƙasa, bayansa kayan aikin babban malamin addininsu, muƙamin da yake riƙe da shi tun 63. A 46 aka buga masa zinariya mai yawa, aureus, 40 a laba, wajen giram 8, kowane denarius 25. A farkon 44 ya mayar da jami'an bugu huɗu, sannan fuskarsa ta bayyana a kan denarius, da kambi da dogon wuya mai tamoji, wasu da rubutun DICT PERPETVO, mai mulkin kama-karya na dindindin. Sa fuskar rayayye a kuɗi al'adar sarakunan Girkawa ce, kuma ba abin da manyan Rum suka ƙi jini kamar sarauta. Ranar 15 ga Maris, 44 KM, aka kashe shi.

A 42 KM Burutus, ɗaya daga jagororin kisan, ya buga tasa a gabas: wuƙaƙe biyu, hular da ake sa wa bawan da aka 'yanta a tsakiya, a ƙasa EID MAR, ranar kisan. A ɗaya fuskar kuwa kansa ne, da rubutun BRVT IMP. Wannan Burutus ɗin ne a 54 KM ya buga hoton 'Yanci da na kakansa da ya kori sarakuna. Soja ya riga ya saba kallon wanda ke biyansa, ba majalisa ba, har mai kare Jamhuriya ma bai iya kauce wa hakan ba. An ci shi a Philippi a wannan shekara. Na azurfa kusan ɗari ne aka sani a duniya, na zinariya uku.

Me ya sa denarius ɗin Markus Antoniyus yake zuwa a cinye?

Na rundunoni ake nufi, waɗanda ya buga a 32 da 31 KM kafin yaƙinsa da Oktabiyan a Actium: jirgin yaƙi a gaba, gaggafa tsakanin tutoci biyu a baya, da LEG da lambar runduna. Azurfarsu ba ta kai ta sauran ba. Mutane sai su ɓoye mai kyau ko su narka, su kashe wannan. Shi ya sa ya yi ta yawo har ƙarni na 3 na Miladiyya. Wanda ya yi sumul ba abin mamaki ba ne, mai kaifin zane ne yake buƙatar bincike.

Me denarius ɗaya zai saya?

A tsakiyar ƙarni na 2 KM sojan ƙasa yana samun kusan sulusin denarius a rana, ana cire masa kuɗin abinci da tufafi. Kaisar ya kai albashin 225 a shekara. Marubucin Rum Cicero ya ambaci as 12 a matsayin ladan lebura na yini. Dokar Gaius Gracchus ta 123 KM ta sayar wa talakan birni alkama a kan as shida da sulusi kowane modius, ma'aunin da ke cin kusan lita 8.7. Wato yinin lebura ya kusa sayen modius biyu a farashin rangwame. Auna giram 3.9 da farashin azurfar yau a mayar naira ba ya ba da amsa mai ma'ana. Kwatanta shi da ladan yini ya fi kusa da gaskiya.

Me ya sa wasu suke da baki kamar zarto? Akwai jabu tun a lokacin?

Ana kiransu serrati. Da kurfi ake tsattsaga bakin dunƙulen kafin bugu. Babban bugu na farko shi ne na wajen 118 KM da ke da alaƙa da kafa Narbo a kudancin Faransa. An ce don a nuna cikinsa azurfa ne, amma an samu na jabu masu irin wannan baki, don haka in ma manufar ke nan, ba ta yi aiki ba.

Jabun dā jan ƙarfe ne aka naɗe da siririn fallen azurfa, aka gasa, aka buga. Ana gane shi in rufin ya ɓare, kore ko ja ya leƙo, kuma yakan gaza nauyi. A 85 KM rikicin kuɗi ya kai mutum bai san darajar abin da ke hannunsa ba, har M. Marius Gratidianus ya fitar da doka a kai, jama'a suka kafa masa gumaka a unguwanni. Akwai masu sana'ar gwada kuɗi, nummularii. In sun duba jaka sai su ɗaure ta da ɗan allon ƙashi mai sunan mai dubawa da kwanan wata. Ƙananan haruffa ko lauje da ake gani an huda a kumatun hoto aikin masu gwaji ne.

Denarius shi ne dinarin da ake lissafin zakka da sadaki da shi?

Suna ne ya taho, ba tsabar ba. Denarius azurfa ne, kuma ya mutu tun ƙarni na 3 na Miladiyya. Dinarin da Larabawa suka sani zamanin Manzon Allah (SAW) zinariyar Rumawan gabas ce, solidus, wadda sarki Kustantin ya kafa a kan 72 a laba. Halifa Abdulmalik bin Marwan ne ya buga dinarin Musulunci mai rubutu zalla a shekara ta 77 bayan Hijira, nauyinsa giram 4.25. Lissafin nisabi a kan wannan yake, ba ruwansa da denarius na Jamhuriya.

Yaya zan gane wace tsaba ce a hannuna?

Fara da awo: sikeli mai nuna 0.01, da faɗi, wanda ga denarius yakan kama milimita 17 zuwa 20. Sai ka karanta suna, domin ba shekara a jiki. V yana tsayawa a madadin U. C Gaius ne, CN Gnaeus, L Lucius, M Marcus, P Publius, Q Quintus, TI Tiberius. F na nufin ɗan wane, N jikan wane, saboda haka L·PISO L·F shi ne Lucius Piso ɗan Lucius. Sukan haɗe haruffa biyu ko uku wuri ɗaya, a duba da gilashin ƙara girma. Daga nan ka nemi sunan a jerin da Michael Crawford ya fitar a 1974, wanda lambobinsa ne kowa ke amfani da su: giwar Kaisar 443/1, EID MAR na azurfa 508/3, rundunonin Antoniyus 544. Jerin yana intanet kyauta da hotunan gidajen tarihi, a shafin da ake kira CRRO.

Jabun zamani fa?

Mafi yawansa zubi ne. Duba baki: layin haɗin mazubi, ko alamar an goge shi da magagari. Duba fili: ƙananan ramuka da ƙuraje na kumfa, da zane mai laushi kamar ya narke. Na bugu yana da siraran layukan da ƙarfe ya gudu daga tsakiya zuwa baki. In maganaɗisu ya ja shi, magana ta ƙare, amma rashin ja ba shaida ba ce, don dalma da jan ƙarfe ma ba ya jansu.

Gwajin ruwa yana taimakawa. Auna tsabar a bushe. Ɗora ƙaramin kofin ruwa a sikeli ka mayar da shi sifili. Rataya tsabar da siririn zare, ta nutse ba tare da ta taɓa gindi ko gefe ba, ka karanta. Raba na farko da na biyu. Azurfa mai kyau tana ba da wajen 10.3 zuwa 10.5, mai cikin jan ƙarfe kusa da 9. Ga tsaba mai giram 3.90, bambancin 0.37 da 0.43 ne kawai, kumfa ɗaya a jikin zare ta isa ta ɓata lissafi, don haka a maimaita sau uku. Kada a jefa ta a ƙasa don jin ƙara. Tsohuwar azurfa takan yi gautsi a ciki, ta fashe kamar tangaran. Ƙwararrun masu jabu suna buga azurfar gaske da sabon hatimi, irin wannan sai wanda ya saba kwatanta hatimai ne zai kama shi.

Zan iya wanke ta?

Barin ta ya fi. Lemun tsami, tsamiya, toka da man goge ƙarfe duk suna cinye fuska, kuma duhun azurfa da koren tagulla mai santsi suna cikin darajarta. Ƙasa kawai ake cirewa, da tataccen ruwa da buroshi mai laushi, ba ruwan famfo ba saboda kulorin.

Abin tsoro shi ne cutar tagulla: garin hoda kore mai haske da ke fitowa daga rami, a share ya dawo. Gishirin kulorin ne da ke cikin ƙarfen yake haɗuwa da danshi yana cin sa. A ware tsabar daga sauran, a cire garin da tsinken itace, a jiƙa ta a ruwan sodium sesquicarbonate giram 50 a lita ɗaya, ana canjawa duk mako har makonni, a ɗauraye, a busar sosai. Maganin yakan sauya launi, saboda haka mai tsada a kai ta ga masanin gidan tarihi. A ajiye kowace a ambulan takarda marar asid, cikin akwati mai rufi da ƙunshin silika, musamman da damina. Leda mai laushi ta PVC tana barin kore mai danƙo, a guje ta. A riƙe tsaba ta baki, da busasshen hannu.

Halal ne a doka mutum ya saya?

A ƙasashe da yawa ana sayarwa a fili, kuma denarius na gama-gari ba shi da tsadar da mutane ke zato, saboda an buga miliyoyi. Sharaɗin shi ne asali. A Italiya tun 1909 abin tarihin da aka tono mallakar hukuma ne, Girka da Turkiyya da ƙasashen arewacin Afirka ma suna da dokoki masu tsauri, ga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan safarar kayan tarihi. EID MAR na zinariya da aka yi gwanjonsa a Landan a 2020 kan fam miliyan 3.24, an gano takardun asalinsa na ƙarya ne, aka ƙwace shi aka mayar wa Girka a 2023. Kafin ka biya, nemi tsohuwar rasit ko hoton tsabar a kundin wani gwanjo da ya gabata, da izinin fitarwa in daga ƙasar da ke buƙatarsa ta fito, da alkawari a rubuce cewa za a mayar maka da kuɗinka duk ranar da aka tabbatar jabu ce.